Dutse na Uku a Murhun Mastura

A Ammariyya, wata unguwa a Jidda, aka yi abin nan, zamanin da ruwan sha sai an kawo shi a garwa. Mastura na zaune da mijinta Rafi'u, mai dako a mina, tashar jiragen ruwa, da 'yarsu Luba, ita kaɗai Allah ya bar musu. Sana'ar Mastura dafa balila ce, wani irin dafaffen wake na Larabawa, tana sayarwa a ƙofar gida.

Ranar duban watan Sha'aban, dutse ɗaya cikin ukun murhunta ya fashe. Da yamma ta bi mata zuwa bakin bahar, wato teku, don a Jidda jinjirin wata a kan ruwa yake tsayawa, ya jima kaɗan, ya nutse. Kowa na kallon sama, ita tana kallon ƙasa. Ta hango wani farin dutse mai huji-huji inda ruwa ya janye, tsayinsa daidai da na gida. Ta naɗe shi a mayafi, ko bisimilla ba ta yi ba. Washegari ta hura masa wuta.

Magaribar ranar, suna shimfiɗa tabarma, tsakuwa ta faɗo a kan kwano. Wata ta biyo. Rafi'u ya leƙa lungu, ba kowa. Ya ɗauki guda, ya ji ta jiƙe, tana ƙarnin bahar. Can ƙasa-ƙasa kuma ana jin kukan jariri, kowa ya ɗauka na maƙwabta ne.

Luba ta miƙe ta fuskanci yamma. An kira ta, ba ta waiwayo ba. Sai da wata ya faɗa ruwa, sannan ita ma ta faɗi.

Haka aka yi ta yi. Kullum wata na ƙara girma, yana ƙara daɗewa a sama, Luba na ƙara daɗewa a tsaye. Ranar da ya cika, ya fito ta wajen Makka daidai lokacin da rana ke nutsewa, aka nemi yarinya aka rasa. Masunta ne suka dawo da ita, sun same ta ruwa ya kai mata ƙirji. Daga nan Mastura ta ɗaure ƙafarta da ta 'yarta da ɗankwali guda.

Sai wata ya fara jinkirin fitowa, yana raguwa, Luba na raguwa tare da shi. Ba ci, ba sha. An kai ta asibiti, an yi allura, an shafa Zamzam. Duk maganin da aka ce a tafasa, Mastura ta tafasa a murhun nan, tana fifita wuta tana hawaye, Luba kuma na birgima a ɗaki tana cewa, "Zafi, ya Ummi, zafi."

Wata asuba, wata ya zama kamar yankan farce, Luba ta nuna shi, ta ce da muryar da ba tata ba, "In ya ƙare, ta ƙare."

Kwana biyu bayan haka ba a ga wata ba sam. Rafi'u ya tafi ya ɗauko Malam Othman, wani tsohon Bahaushen Sudan da ya san irin wannan aiki. Bayan la'asar ya iso. Ya zauna ya yi ta karatu, yarinya na kwance kamar tsumma. Mastura ta fita ta hura wuta ta dafa masa shayi. Nan take Luba ta sandare, ta yi ƙara.

Malam ya dubi yarinya, ya dubi tsakar gida. Ya ce a hankali, "Uwar Luba, kashe wutar nan."

Ta yayyafa ruwa. Ɗaki ya yi tsit.

Malam ya ce, "Wane ne a jikin baiwar Allah?"

"Wace ce, za ka ce." Murya ce ta mace, a shaƙe kamar daga cikin rijiya. "Uwa ce ni. Na kwantar da ɗana a cikin dutse, na je na dawo, babu dutse. Wata guda ke nan tana gasa shi safe da yamma. Ɗa da ɗa, ya Shekh. Halas, shi ke nan."

Malam ya ce, "Ba ta sani ba."

"Ta yi sallama da ta ɗauka?"

Mastura ta zube a bakin ƙofa. "Ban yi ba. Ki ɗauke ni, ki bar ta. Ita ba ta taɓa dutsen ba."

"Ke me zan yi da ke?"

Malam ya ce, "Ɗanki na da rai?"

Muryar ta ce, "Da saura."

"To ki ji tsoron Allah. Naki da saura, nata ma da saura."

Muryar ta yi nishi. "Ta mayar da shi da hannunta, ba gammo, ba mai taya ta. Kada ta fita sai rana ta faɗi. Sabon wata ya ga an ɗauke shi, sabon wata zai ga an mayar. In wata ya shiga ruwa kafin ta isa, ban san ku ba."

Ana kiran magariba Mastura ta ɗora dutsen a ka, da sauran zafinsa. Gari ya cika, ana ta tafiya duban watan azumi. Ta ratsa mutane, takalmi ya tsinke, ta bar shi. Tana cikin lungu aka buga igwa, yara suka ɗauki sowa an ga wata. Ita ba ta gan shi ba, gidaje sun tare mata yamma. Ta ruga, tana kiran sunan Luba a ranta.

Da ta ɓullo bakin bahar, ga shi can siriri, ƙahonsa na dab da ruwa. Ta shiga har gwiwa, ta ce, "Salamu alaikum, ga ɗanku." Ta sauke dutsen a hankali kamar mai kwantar da jariri. Ruwa ya yi cuu. Ta ɗaga kai, babu wata.

Ba ta san ko ta riga shi ba. Da wannan ta koma gida, ƙafa na jini.

Ta tarar da Rafi'u a tsaye a ƙofar ɗaki. Daga ciki wata ƙaramar murya ta ce, "Ummi, yunwa nake ji."

Mastura ta je murhu. Duwatsu biyu ne. Rafi'u ya ce, "Bari in samo miki wani a lungu."

"Kada ka taɓa dutsen kowa."

Ta yi bisimilla, ta hura wuta, ta ɗora tukunya a kan biyun, ta riƙe gefe na uku da hannunta har kunu ya nuna.