Kwamfutar Da Ke Tashi Da Kanta

A ƙarƙashin teburi ya fara ganinta, kuma tafin takalminta ne ya fara yi masa maraba. An kira shi ya duba firintar wani shagon buga takardu, ya yi sallama, sai amsa ta fito daga cikin wayoyi.

"Wa alaikumus salam. Yi haƙuri, maɓalli nake lalube."

Ta fito da ƙura a gefen mayafi, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Auta ce, 'yar mai shagon. Ita ke bugu, ita ke kwafi, ita ke shan masifar ɗalibai masu kawo aiki yau suna son a gama shi tun jiya. Wutar layin kuwa ba ta da alƙawari. Duk sanda aka ɗauke aka kawo, sai Auta ta rarrafa ta kunna kwamfutar, don Baba ya ce a can ƙasa za ta zauna, nesa da idon ɓarayi, kuma Baba ba ya magana biyu.

Shi ma mai gyaran a gajiye yake, tun safe yake zaga gari da jaka a kafaɗa. Ya gama da firinta, sai ya tsinci kansa ya kasa tafiya.

"Kina so ta riƙa tashi da kanta in an kawo wuta?"

"Ana iya haka? Injiniya, da ka ceci bayana."

Ya sake kunna kwamfutar yana ta danna wani maɓalli kafin ta gama farkawa, har wani shafi shuɗi ya bayyana, wanda masu gyara ke kira bayos. A nan ake gaya mata yadda za ta yi in wuta ta dawo. Zaɓi uku ne: ta zauna a kashe, ko ta koma yadda take kafin a ɗauke, ko ta tashi duk sanda wuta ta zo. Na biyu ya yi niyya. Amma Auta ta sunkuyo ta gefen kafaɗarsa tana kallo, ƙamshin turarenta ya haɗu da na takarda mai ɗumi, sai bawan Allah ya danna na uku ya fita abinsa bai sake dubawa ba.

Da yamma saƙonta ya shigo: "Injiniya, an ɗauke an kawo har na daina ƙirga, ban durƙusa ko sau ɗaya ba. Allah ya hutar da kai."

Ya amsa: "Amin, Autar Baba. Gobe zan zo duba firinta."

"Lafiyarta ƙalau."

"Na sani."

Haka aka fara. Soyayyarsu ta mutanen da aiki ya cinye ce, sukan fara hira a waya, ɗayansu ya yi barci a tsakiyar magana, kuma ba wanda ke jin haushi. Ya koma ce mata Autata, ita kuma Injiniyana.

Baba dai bai yi na'am ba. "Mai yawon gyara? Yau yana nan, gobe yana can. Ina za ki same shi ranar da kike nemansa?" Hankalinsa ya fi kwanciya da dillalin da ke kawo musu takarda, mai mota da doguwar gaisuwa.

Sai Baba ya fara tarar da kwamfuta a kunne da safe, alhali da hannunsa yake kashe ta kafin ya rufe shago. Makulli biyu ne kacal, ɗaya a aljihunsa, ɗaya a jakar Auta. Dillali kuwa ya samu abin da yake nema.

"Ni ban ce komai ba, Baba. Na dai wuce bayan an rufe, na ga haske ta ƙasan ƙofa."

Auta ta rantse ba ta taɓa dawowa shago da dare da Injiniya ba, har muryarta ta dishe. Ko a ranta ba ta kawo aikin Injiniya ba, don a saninta kwamfutar da wuta ta yanke wa aiki ce ke tashi, ba wadda aka kashe ba. Baba bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Ya miƙa hannu kawai, ta ɗora masa makullin, ta ji kamar mutuncinta ta miƙa.

Kunya ta hana ta gaya wa Injiniya abin da ake zarginsu da shi. Ta rubuta: "Kada ka ƙara zuwa shago. Don Allah kada ka tambaye ni dalili."

Shi kuma ya ɗauka mai mota ne ya yi nasara. Sai ya amsa: "To, Autata. Allah ya sa haka ya fi alheri. Ki riƙa miƙe bayanki in kin daɗe a zaune."

Ta karanta, ta kife wayar, ta ci gaba da kwafi da ido jajur. Ta gaji da aikin, ta gaji da rantsuwa, ta gaji da yadda Baba ke kau da kai in ta gaishe shi.

Wata ranar hutu da rana, Baba ya leƙa shago shi kaɗai ɗaukar tabaransa. Babu wuta. Zafi ya sa ya zauna ya ɗan huta, makullan biyu suna aljihunsa. Can fanka ta motsa. Daga ƙarƙashin teburi ya ji ɗan ƙara, allo ya yi haske, kwamfutar da ya kashe jiya ta tashi ba wanda ya taɓa ta. Ya yi a'uziyya, ya leƙa ƙasa, ba kowa sai wayoyi. Sai ya nemi lambar mai gyara.

Injiniya ya zo, ya buɗe shafin nan shuɗi, ya ga abin da ya danna. Da Baba ya gaya masa abin da hakan ya jawo, sai ya amsa laifinsa.

"Kuskurena ne, Baba. Na biyu na so in zaɓa."

"Me ya hana ka?"

Ya sunkuyar da kai. "Tana tsaye a gefena."

Baba ya yi ajiyar zuciya. "Kai ka kalli 'yata ka danna ba daidai ba, ni kuma na kalle ta na yi mata zato ba daidai ba. Mayar min da abin nan yadda ka same shi tun farko." Har Injiniya ya ɗauki jaka, sai Baba ya ƙara da cewa, "Ka ce wa manyanka ina son ganinsu."

A gida ya kira Auta, ya ɗora mata makulli a tafin hannu. "Na zalunce ki, Auta. Ki yafe min." Ta buɗe baki za ta ce ba komai, kuka ya riga ta.

Saƙon da ta tura a ranar gajere ne: "Injiniyana, firinta ta lalace."

"Ga ni nan."

Aka ɗaura aure ba wani hayaniya. Dillali ya aiko da gaisuwa, bai zo ba. Amarya ta samu hutun da ba ta taɓa samu ba, shago ya koma hannun Baba shi kaɗai, shi ke rarrafawa duk sanda aka kawo wuta. Ba a daɗe ba wayar ango ta yi ƙara, Baba ne.

"Zo ka sa ta riƙa tashi da kanta. Ban san haka yarinyar nan ke shan wahala ba."

"Wanne zan zaɓa, Baba?"

"Ka karanta da kyau wannan karon, Auta tana gida." Sai Baba ya sassauta murya. "Ka kula min da ita, ta gaji da yawa a hannuna. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Auta, da ke jingine da kafaɗar mijinta tana sauraro, ta riga shi cewa amin.