Kwamfutar Falon Tanimu Tela

Ku matso, ku daina dariya. Kun san a duk layin nan babu wanda ya kai ni iya taya kaya. Ni, yayanku Tanimu Tela, ba a taɓa cuta ta a ciniki ba.

To, ban da sau ɗaya.

Kwamfutar wasan gem ɗin nan ta falo, mai fitilu a ciki, wata uku na yi ina leƙenta a shago. Miliyan ɗaya da rabi. Matata ta ce kuɗin keken ɗinki goma ke nan, abin wasa bai kai haka ba. Na ce ba ta san harka ba.

Wata Laraba da almuru na yanke ta bayan tsohuwar majema. Ku ji ni da kyau, kada wanda ya bi ta nan shi kaɗai.

Na ga mutum zaune kan kwali. Ƙasa caɓa-caɓa da ruwan jima, amma ƙafarsa ko ɗigo.

"Tanimu, ga abin da kake leƙe."

Ban gaya masa sunana ba. Kuma sai bakinsa ya rufe sannan muryar ke isowa.

Na buɗe kwalin. Ita ce, sabuwa dal. Don tsokana na ce, "Dubu biyar."

"Na sallama."

Kun taɓa ganin ɗan kasuwar da bai ce albarka ba a tayin farko? Nan ya kamata in ruga. Kwaɗayi ya riƙe ni.

"Sai dai fad na biyu nawa ne," in ji shi, yana nuna abin da ake riƙewa a buga wasan. "Zan riƙa zuwa mu buga ƙwallo. Wanda aka ci ya biya."

Na kinkimo ta. Na gaya wa 'yan majalisa lakadan na biya, miliyan ɗaya da rabi cif.

Da dare na jona ta da talabijin. Fad na biyu yana kan kujera, ba kowa. Kujerar ta lotsa. Maɓallan suka fara motsi. Aka ci ni uku da nema.

Da safe ƙaramin yatsana ya mutu. Ba ciwo. Sanyi kawai, kamar na wani.

Na zare waya, ta kunna kanta. Na kai ta bola, ta riga ni dawowa. In na ƙi zama, ci ne a kaina. Kwana uku, yatsu uku. Ni da ke ci da allura da almakashi! Saura babba da manuni.

Sai dabara ta zo mini. Ai cewa ya yi wanda aka ci. Bai ce Tanimu ba.

Ran Asabar bayan la'asar na gayyato majalisa kaf, hannuna a aljihu. Na miƙa wa Ilu Direba fad ɗina.

"Buga mu gani, gwani."

"Yau kuma rowa ta ƙare?" in ji Ilu, yana dariya.

Kujerar da ke gefensa ta lotsa. Dariyar ta tsaya.

Muryar mai kwalin nan ta fito a hankali. "Tanimu, wannan ne madadinka? Ka gaya masa abin da ake biya? Ka gaya musu dubu biyar ka saya?"

Malam Sabi'u, dattijon majalisa, ya dube ni. "Fito da hannun nan."

Na fito da shi. Yatsu uku na reto.

Ilu ya ajiye fad a kan cinyata. "Ni ka zaɓa, Tanimu? Ni da na yi maka babban aboki ran aurenka?"

A cikin talabijin, alƙalin wasa ya busa usur na fara wasa.