Akwatin Katunan Candela

Iska ce ta haɗa su. Candela na zaune a saman jirgin ruwan da ke tsallakawa daga Ceuta zuwa Algeciras a ƙasar Sifen, tana bitar wasu ƙananan katuna, sai iska ta watsa su. Fermín, mai sayar da kofi a jirgin, ya bi su da rarrafe har ƙarƙashin kujeru.

"Wannan kuma fa? Sunayen magani ne?"

"Turanci ne," ta ce tana dariya. "Kalma a gaba, ma'anarta da Sifaniyanci a baya. Manyan kalmomi ne na jarrabawa. In na ci, wani asibiti a Ireland zai ɗauke ni aikin jinya."

Daga nan, duk Asabar in za ta tsallaka zuwa makaranta, shi ke riƙe katunan. Ya karanto ma'ana, ita ta kawo Turancin. Yana kiranta Malamata, tana kiransa Mai Kofi. Bawan Allah, ya san duk katin da ta ci yana ƙara nisanta ta da shi, amma bai taɓa fashi ba.

Da maganar aurensu ta taso, mahaifinta, Don Evaristo, wanda matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, ya ce sam.

"Ki kai shi ƙasar da ko sannu bai iya cewa ba? Ki zama tafintarsa har a kanti? Namiji in ya rasa baki, a kan matarsa yake hucewa. Ban yarda ba."

Ta ci jarrabawa. Ranar tafiya ta miƙa wa Fermín akwatin takalmin da take tara katunan, ta juya da sauri don kada ya ga fuskarta.

Kaɗaici ya ci ta a birnin Cork na Ireland. Kalmomi dubu uku a ka, amma babu wanda za ta ce wa yau ta gaji. Ruwan sama kullum, ɗaki shiru. Wani likita ya gayyace ta cin abinci sau biyu, ta ba shi haƙuri. Ga shi Fermín ya canza: daga biyar zuwa bakwai na yamma ba ya ɗaga waya. 'Yar ƙanen babanta ta ƙara zuga ta, wai kullum yana saukowa daga jirgi sai ya sa riga mai guga ya ɓace.

Ta rubuta masa: "Mai Kofi, in ka samu wata, faɗa min. Zan iya jure gaskiya, shirun nan ne ba zan iya ba."

Amsa ta zo: "Malamata, wani na samu, ba wata ba. Tsoho ne mai faɗan tsiya. Ɗaga wayar ki gani."

Kiran bidiyo ya shigo, ta ɗaga. Teburin gidansu ne. Ga babanta da tabarau a kan hanci, katunanta a hannunsa, Fermín na zaune a gefensa.

"Baba?"

"Akwatinki ya kawo min wai ajiya," in ji tsohon. "Na ce tunda ya zo, ya zauna in gwada shi, in kunyata shi. Wata biyar ke nan ya ƙi kunyata. Ya haddace ɗari tara, manya-manya irin na lauyoyi. Amma sakaran nan har yau bai san yadda ake roƙon ruwan sha da Turanci ba!"

"Haba Fermín!" in ji Candela. "Ai da littafin 'yan koyo ake farawa."

"Na saya," ya ce yana sosa ƙeya. "Babu rubutun hannunki a ciki."

Candela ta fashe da kuka, ba ta ko ɓoye ba. Tsohon ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Ki zo ki kwashe shi. Ƙananan kalmomin ke ki koya masa."

An ɗaura aure a Ceuta cikin watan Agusta, ma'aikatan jirgi suka cika cocin. Don Evaristo ya dafa kansu ya sa musu albarka, ya roƙi Allah kada ya bar ɗayansu cikin kaɗaici.

Da suna haɗa kaya, Fermín ya kai hannu zai ɗauki akwatin. Tsohon ya danne murfin.

"Wannan a nan zai zauna. Saura kati dubu biyu da ɗari ɗaya bai haddace ba. Kullum ƙarfe biyar ku kira ni."