Maraba da Manyan Baki

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Kowa Auta yake kiranta, don ita ce ƙarama a gidansu. Yarinya ce mai wayo da saurin ganewa, sai dai akwai ta da son abu mai ƙyalli. In ta ƙyalla ido ta ga sabon abu, to ita da barci sun yi hannun riga.

Mamanta tana da ɗan shagon buga takardu a bakin titi. Tebur ɗaya ne a ciki, da kujeru biyu, da firinta, da wata tsohuwar laftof. Laftof ɗin nan ta ga jiya ta ga yau. Wasu haruffan madannanta har sun goge don yawan dannawa. In aka kunna ta, sai Mama ta share shago ta goge tebur kafin ta gama farkawa. Shi ya sa Auta ta raɗa mata suna Kaka.

Amma fa da Kakar nan ake cin abinci a gidan. Da ita Mama take buga katin gayyata da takardun neman aiki. Babban cinikinta kuwa shi ne makarantar su Auta. Duk ƙarshen zango, ita ake kawo wa takardun jarrabawa ta buga. Da wannan aikin take biyan hayar shago.

Mama ta daɗe tana tanadi don ta sayi sabuwar laftof. Ana nan sai Auta ta je gidan wata ƙawarta, ta ga tabilet a hannun yayan ƙawar. Kwamfuta ce siririya kamar allo, da yatsa ake shafa ta. Tana da alƙalaminta na zane. Auta ta zana fure, ta shafa masa launi, furen ya fito kamar ka tsinke shi. Tun daga ranar Mama ba ta ƙara shan ruwa da daɗi ba.

Da safe tabilet, da rana tabilet. Auta ta ce ba ta da nauyi. Ta ce batirinta yana wuni. Ta ce ai yanzu laftof ta zama tsohon yayi.

"Tana yin duk abin da Kaka take yi?" in ji Mama.

"Har ma ta fi, Mama. Ni na gani da idona."

Abin da Auta ta gani da idonta dai fure ne. Amma wannan ba ta faɗa ba.

Ranar da babu makaranta suka tafi shagon kwamfuta. Mai shagon dattijo ne mai tabarau da fara'a. Ya fito musu da tabilet mai tsadar gaske, irin wadda Auta take mafarki. Suna cikin dubawa aka kira Mama a waya, ta fita waje don ta ji da kyau.

Dattijon ya tambayi Auta wane aiki za a yi da ita. Auta ta yi masa bayanin shagon da tsohuwar firintarsu. Sai ya girgiza kai.

"'Yata, wannan abu ne mai kyau, amma na masu zane ne da masu karatu. Ba za ta gane firintarku ba. Manhajar da Mamanki take aiki da ita ma ba za ta hau kanta ba. Zan fita karɓo kaya. In ta shigo, ki faɗa mata haka."

Ya bar ƙanensa a shagon ya fita. Da Mama ta dawo ta tambayi abin da dattijon ya ce, Auta ta kalli tabilet ɗin.

"Ya ce abu ne mai kyau," in ji ta.

Rabin gaskiya ke nan, kuma rabin gaskiya ƙanwar ƙarya ce. Kuɗin Mama bai kai ba, sai da ta haɗa da Kaka aka yi musaya. Ƙanen mai shago ya naɗe musu tabilet a leda, suka kama hanya. Auta tana tafe kamar ta taka rawa.

Daɗin bai je ko'ina ba. Washegari Mama ta ɗauko wayar firinta za ta haɗa, ta rasa ramin da za ta soka. Ta sayo wata 'yar mahaɗa, ta soka, firinta ta yi gum kamar ba da ita ake ba. Ta buɗe tsofaffin ayyukanta, ta tarar layuka sun hau kan juna. Rubutu a kan gilashi kuma ya zame mata wahala. Ita da take bugu ba ta kallon madannai, sai ga ta tana tsintar haruffa ɗaya bayan ɗaya kamar kaza.

Dole ta riƙa zuwa shagon maƙwabci tana aron kwamfuta, tana biya. Masu kawo aiki suka fara gajiya da jira. Mama ba ta yi wa kowa ƙorafi ba. Cewa take ƙila ita ce ba ta iya ba tukuna. Wannan maganar ita ta fi damun Auta, don ta san ba rashin iyawa ba ne.

Ana cikin haka makaranta ta kawo aiki. Za a yi bikin raba kyaututtuka, ana son takardun yabo na ɗalibai, da babban ƙyalle na maraba da za a rataya a ƙofar zaure. Shugabar makaranta ta ce a yi da kyau, don za a yi manyan baƙi.

Auta ta ga dama ta samu. In ta tsara ƙyallen a tabilet ya yi kyau, ai Mama za ta ga kuɗinta bai tafi a banza ba. Ta roƙa a bar mata. Aiki ya yi wa Mama yawa, sai ta yarda.

Auta ta zage. Ta sa furanni a gefe, ta sa taurari a sama. Ta zaɓi wani salon rubutu mai kyan gaske. Sai dai da ta zo rubuta "baƙi", harafin ƙ ya ƙi fitowa. Salon ba shi da haruffa masu ƙugiya. In ta danna, sai wani ɗan akwati ya fito a wurin. Akwai wani salon da yake da su, amma bai kai wannan kyau ba.

Ta ce a ranta, wa zai kula da 'yar ƙugiya? Ta sa k kawai, ta tura wa masu buga manyan ƙyallaye. A naɗe aka kawo shi, a naɗe masinjan makaranta ya ɗauka. Mama tana can shagon maƙwabci, ba ta samu ta gani ba.

Ranar biki da safe, Auta ta shigo makaranta ta tarar da yara cunkus a ƙofar zaure. Dariya suke har da riƙe ciki. Wani yaro ya wage bakinsa da yatsu biyu yana zagayawa. Ta ɗaga kai ta karanta abin da ta rubuta da hannunta: MARABA DA MANYAN BAKI.

Ashe 'yar ƙugiyar nan ita ce ta raba baƙo da baki. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Shugaba ba ta yi dariya ba. Ta sa aka sauke ƙyallen, ta kira Mama a waya. Ba a jima ba Mama ta iso, mayafinta a karkace don sauri. Auta ta laɓe a bakin ofis tana ji.

Shugaba ta ce ta yi mamaki ƙwarai. Ta ce shekara da shekaru ba a taɓa samun kuskure a aikin Mama ba, amma kwanan nan ga jinkiri, ga kuma wannan abin kunya. Ta ce in haka ne, ba za ta iya ba ta takardun jarrabawa ba, gara ta nemi wani wuri.

"Laifina ne, Malama," in ji Mama a hankali. "Ban duba ba. Ki yi haƙuri."

Ko sunan Auta ba ta ambata ba. Nan fa zuciyar Auta ta karye. Ga uwarta a tsaye, kai a sunkuye, tana ɗaukar kayan da ba nata ba. Ga aikin da ake biyan haya da shi zai suɓuce. Ta tura ƙofa ta shiga, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Malama, ba Mama ba ce. Ni na rubuta. Na ga babu ƙugiya, na bar shi haka don ya fi kyau." Ta juya wajen Mama. "Kuma mai shago ya ce in faɗa miki tabilet ba za ta yi aikinki ba. Ni na ɓoye, don ina son in riƙa zane."

Mama ta daɗe tana kallonta. Auta ta zaci faɗa za ta sha, amma Mama sai ta gyara mata wuyan riga kawai.

Shugaba ta duba agogo. Ta ce baƙi sun kusa, a fara gyara ɓarna, maganar jarrabawa kuma sai ta yi tunani. Aka kira malamin zane. Ya shimfiɗa ƙyallen a kan tebur, ya haɗa fenti daidai da launin rubutun. Sannan ya miƙa wa Auta burushi, ya ce wanda ya ɓata shi zai gyara.

Ta karɓa, ta lanƙwasa kan harafin a hankali. Malam ya ɗan daidaita mata gefen. Aka bar shi ya sha iska, aka mayar da shi sama. Baƙi suka zo suka wuce ta ƙarƙashinsa, babu wanda ya gane an taɓa.

Da yamma Mama ta zaunar da ita. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kuskuren harafi kowa yana yi, amma ɓoye gaskiya shi ne ya yi mata ciwo. Ta ce ita ma tana da nata laifin, da ta sayi abu mai tsada ba ta gwada shi da aikinta ba. Auta ta ba ta haƙuri, Mama ta ce ya wuce.

Suka koma wurin dattijon, Auta ta faɗa masa komai da bakinta. Bai ce "ai na faɗa" ba. Ya ce an riga an sayar da Kaka, amma akwai wani mai zanen gidaje da yake neman irin wannan tabilet, shi kam za ta yi masa rana. Ya karɓe ta, ya ba su laftof madaidaiciya, ba ƙyale-ƙyale. Mama ta yi 'yar asara a musayar. Duk da haka ta yi ta yi masa godiya, Auta ma ta durƙusa ta gode.

A shago, laftof ta gane firinta nan take. Aiki ya koma daidai. Saura abu ɗaya: shiru daga makaranta. Jarrabawa tana matsowa, Auta kullum tana zuba ido. In ta ga Shugaba a makaranta sai ta gaishe ta har ƙasa, amma ba ta da bakin tambaya.

Wata rana bayan an tashi, Auta tana shago tana jera takardu, sai aka yi sallama. Shugaba ce da kanta, da babban ambulan a hannu.

"Na yi tunani," ta ce wa Mama. "Gidan da yarinya take faɗin gaskiya alhali tana tsoro, ba na shakkar in bar amanata a cikinsa." Ta ajiye ambulan a tebur, ta dubi Auta. "Ke kuma fita waje. Jarrabawarku ce a ciki."

Mama ta yi dariya har da share hawaye. Auta ta ɗauki kujera ta fita bakin titi. Tunda take, ba a taɓa korarta ta ji daɗi irin na ranar ba. Ta zauna tana gode wa Allah, tana gode wa Shugaba da dattijon da malamin zane, da uwar da ta rufa mata asiri a lokacin da ba ta cancanta ba.

Daga ranar Auta ta riƙe darasi biyu. Ba tsada ko ƙyalli ne ke sa abu ya yi amfani ba, dacewarsa da aikin da za a yi ne. Sannan in aka ba ka saƙo, ka isar da shi cikakke, ko da zai hana ka abin da kake so.