Allurar Jikar Malam Ɗahiru

Hasiya na zaune a tsakar gidansu a Ɗansoshiya tana shafa wa jaririyarta Aisha Humaira mai, sai wayarta ta ɗau ƙara. Mijinta ne Mujitaba, malamin asibiti a Kiru. Tun da ta zo gida wankan jego maganarsu ɗaya ce.

"Hasiya, yau ma shiru? Yarinyar nan ko ɗigon baki ba a yi mata ba!"

"Abban Humaira, rage murya don Allah, Baba na zaure."

"In rage murya? Yau a ƙauyen Ba'awa na buɗe kula, akwatin sanyin allurai, zan yi wa wani yaro rigakafi, uwar ta janye shi ta ce wai in fara yi wa tawa tukuna! Maganar ta zagaye gari, gida-gida ake rufe mana ƙofa. Ga ƙyanda ta shigo ƙauyukan nan!"

Hasiya ta ajiye wayar. Tun ranar suna mahaifinta Malam Ɗahiru ya yanke hukunci: allurar rigakafi ba za ta taɓa jikarsa ba muddin tana gidansa.

Washegari sai ga Mujitaba da kula ɗaure a bayan mashin. Ya durƙusa ya gaida surukinsa, bai jira an gama tambayar mutanen gida ba ya shiga bayani, yana yi yana haɗawa da Turanci. Malam Ɗahiru dai na ta gyaran ƙotar fartanya, ko kallonsa bai yi ba. Haushi ya kwashe Mujitaba.

"Baba, wallahi wannan duk rashin sani ne ke—"

"Rashin sani?" Tsohon ya ajiye fartanyar. "Ni ka zo har zaurena ka kira jahili? Ɗauki akwatinka ka ba ni wuri! Hasiya kuwa, ko an yi arba'in, ba inda za ta!"

Daga bayan ƙyaure Hasiya ta ji komai. Ta rungume 'yarta ta fashe da kuka. Inna, mahaifiyarta, ta ja ta ɗaki tana cewa, "Ki yi haƙuri, kin san ciwon da aka fama masa."

Da yamma Mujitaba ya sake kira, ransa a ɓace. "'Yata ce fa! In na ga dama gobe in zo in ɗauke ta!"

"Ka ɗauke ta, ni kuma ka bar ni in zaɓa tsakaninka da ubana? Haba!" Ta share hawaye. "Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba, don ba a maganarsa a gidan nan. Ina da yaya, Habu. Ina ƙarama amai da gudawa suka kama shi da damina. Baba ya goya shi a keke cikin taɓo har ƙaramin asibiti, ya tarar da ƙofa a garƙame, ba kowa. Kafin ya kai shi gaba ya cika a bayansa. Ba a gama zaman makoki ba sai ga masu rigakafi suna sallama, wai sun kawo magani kyauta."



"Kullum da amsa kuke zuwa," ta ce, "amma ba wanda ya taɓa tambayar Baba me aka yi masa."

Ranar Juma'a Mujitaba ya dawo, ba kula, ba takarda. Ya ba da haƙuri, Malam Ɗahiru ya ce, "Na ji," ya tashi ya tafi masallaci. Wata Juma'ar ma haka. Aka yi arba'in, Hasiya na nan. Ogan Mujitaba na matsa masa a ofis, abokai na zolayarsa da gwauro mai mata. Ita ma Hasiya duk ta rame, ko atishawa Humaira ta yi sai gabanta ya faɗi.

"Na gaji, Hasiya!" ya ce mata wata rana.

"Ni ma na gaji. Amma ka sake zuwa."

Ya sake zuwa, ya sami Malam Ɗahiru a gona yana yankan dawa. Ya naɗe hannun riga ya kama ɗaurin dami. Sai da suka zauna hutawa ya ce, "Baba, Allah ya jiƙan Habu. An yi maka ba daidai ba. Da ni ne ma, ba zan yarda da mu ba."

Da tsohon ya buɗe baki, sai da ya amayar da duk abin da ya shekara yana haɗiyewa, Mujitaba bai katse shi ba. Daga ƙarshe ya ce, "To faɗa min tsakaninka da Allah. Allurar nan tana hana haihuwa?"

"A'a, Baba. Ni an yi min ina yaro, ga Humaira nan."

"Tana sa zazzaɓi?"

"Takan sa, na kwana ɗaya ko biyu. Ba kuma kowace cuta take karewa ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma in an kammala ta a kan lokaci, tana kare yaro daga ƙyanda da shan inna da mashaƙo."

Ranar Litinin da safe Malam Ɗahiru ya sa babbar riga ya ce, "Hasiya, goyo Humaira mu je asibiti. Da idona zan gani."

Aka yi allurar yana tsaye. Zuwa la'asar jikin Humaira ya yi zafi, tana ta tsala kuka. Tsohon ya kasa zama, sai kai-komo yake a tsakar gida, Hasiya na addu'a a zuci. Mujitaba ya zo ya ba ta magani, ya zauna tare da tsohon a kan tabarma. Kafin azahar ɗin washegari yarinya ta kama nono tana wutsil-wutsil da ƙafa.

Malam Ɗahiru ya karɓe ta ya taɓa goshinta. "Yadda ka faɗa, haka ta kasance." Ya juya wajen Inna. "Ku haɗa wa yarinyar nan kayanta, mijinta ya yi gwaurancin ya isa."

Hasiya ta sunkuyar da kai tana dariya, hawaye na zuba.

Haka haƙurinta ya riƙe mata aure, ya riƙe mata uba, ya kuma kare 'yarta. Wanda aka ɓata wa rai ba ya jin bayani, komai gaskiyarsa, sai an fara zama an saurare shi.