Makullin Ɗakin Kwamfuta

An yi wani yaro a unguwar Adjame, a wani birni da Hausawa suke baƙi, ɗan wata mai sayar da atamfa a babbar kasuwa. Kullum da safe yakan hau bas ya haye gada zuwa makarantarsu a unguwar Treichville. Yaron yana da ƙwaƙwalwa, wannan babu musu. Hankali ne dai bai gama zuwa ba.

Shekarar da aka kawo wa makarantar kwamfuta uku, shi ya riga kowa gane kansu. Ganin haka sai malamarsu, Madam Kuwasi, ta danƙa masa makullin ɗakin.

Ta ce, "In an tashi, kai za ka riƙa buɗewa. Kowa ya samu ya taɓa."

Yaro ya rataya makulli a wuya, ya kafa dokarsa. Maza su fara, mata su biyo baya. Ai a gidansu ma maza ake fara kai wa abinci.

To, maza in sun zauna ba sa tashi. Wasan tseren mota suke yi har rana ta yi sanyi. Su kuwa mata dole su kama bas da wuri, don aikin gida yana jiransu.

Wata 'yar ajinsu, Zalihatu, ta ce masa, "Yau ma haka za mu tafi?"

Ya ce, "Gobe. Ke me za ki yi da kwamfuta? Tuwo take tuƙawa?"

Maza suka yi dariya. Zalihatu ta ɗauki jakarta ta fita.

Ana nan, ran nan Madam ta shigo ta ce kowa ya rubuta sunansa a kwamfuta ta gani. Maza suka rubuta. Da aka zo kan mata, ko wurin kunnawa ba su sani ba.

Madam ta ce, "Zalihatu, me kuke yi a nan duk kwanakin nan?"

"Tsayuwa, Madam. Mun iya kallon ƙeyar maza sosai."

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Madam ta miƙa wa yaron hannu.

"Kawo makullin. Kada ka sake shiga ɗakin nan sai na neme ka."

Ya koma Adjame. Ya tarar da innarsa a rumfa tana ninke atamfa. Ya zayyana mata komai, yana jiran ta tausaya masa.

Ya ce, "Inna, ni fa yadda ake yi a gida na yi. Maza ke fara ci."

Inna ta ajiye atamfar. "Ka taɓa ganin ƙanwarka ta kwana da yunwa?"

"A'a."

"Saboda tun a tukunya nake cire nata, kafin kwanonku ya fita. Kai ka ga fitar kwano, ba ka ga rabo ba. Me ka cire wa yaran nan?"



Ta ce, "Kuma bara wa ya zo nan yana kuka? An ce masa Bahaushe goro ya sani, ba boko ba. Har majina. Ka ji daɗi a ranar?"

"Ban ji ba."

"To, irin maganar nan ka ɗauka ka jefa wa 'yar mutane. Ba zan je roƙon Madam ba. Ƙafarka ta kai ka."

Washegari Zalihatu ya fara nema, a gaban 'yan aji. Ya tsaya a gabanta ya faɗa.

"Na zalunce ku. Ku yi haƙuri."

Ta ce, "Haƙuri ba ya kunna kwamfuta. Za ka nuna mana?"

"In an bar ni."

Suka je wurin Madam tare. Madam ta saurare su.

Ta ce, "Za ka koma. Amma makulli yana wurin Zalihatu. Masu kama bas da wuri su za su fara zama, mace ko namiji. Kai kuma ka tsaya a baya ka koyar."

Yaro ya sauke numfashi. A da ya ɗauka korarsa za a yi gaba ɗaya.

Da yamma Zalihatu ta zauna a kujera, ta rubuta sunanta da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi. Da ta gama ta miƙe ta gyara ɗankwali.

"Zo ka zauna, malam. Layinka ya zo."

Ya zauna yana murmushi. Bai taɓa jin daɗin kujerar nan kamar ranar ba.

Ku ji da kyau, yara. Ilimi ba na maza ba ne su kaɗai, ba kuma na wata ƙabila ba ne. Wanda aka ba shi makulli, don ya buɗe wa kowa aka ba shi.