Likitan da Ya Guji Auta

"Kai ne macucin! Kai ka hana 'yata cin abinci, yau kuwa sai ka gaya min abin da ta yi maka!"

Inna ce tsaye a ƙofar ofishin likita, mayafi ya zame, jikanta a saɓe a kafaɗa. 'Yarta Auta na bayanta tana jan hannunta.

"Inna, don Allah... mutane na kallonmu."

"Su kalla! Tsirara na fito?"

Likita ya miƙe zumbur, har biro ya faɗi ƙasa.

Tun da mijin Auta ya rasu ya bar ta da Shalele, yaron nan bai san barci ba. Kirci ya cinye masa wuya da bayan gwiwa, sai an cusa masa safa a hannu don kada ya yage fatarsa. Da aka ce asibiti na gwajin wani sabon man shafawa, suka kawo shi. Wannan likitan ke duba shi, ya durƙusa yana masa kukan mage har ya yarda a ɗaga rigarsa. Inna kuwa ba makauniya ba ce. Ta ga 'yar da ta manta da kwalli ta fara daɗewa a gaban madubi.

Kwatsam aka mayar da su hannun wata likitar. Nas mai rabon man, wadda ita ma idonta ke kansa, ta raɗa wa Auta, "Ya ce ya gaji da ganinku."

Daga ranar Auta ta koma kamar kazar da ruwa ya doka.

"Ni na ce na gaji?" Likita ya dafe ƙirji da Inna ta maimaita masa maganar nas. "Ni dai na roƙi a canza ni, Inna."

"Au, ka ma amsa!"

"Aikina in duba fatar yaro in rubuta gaskiya, ta yi sauƙi ko ba ta yi ba. Sai na kama kaina ina ganin sauƙi tun kafin in duba... don kawai uwarsa ta yi murmushi."

Daga bakin ƙofa, jin ƙaryarta ta tonu, Nas ta sulale da tirenta.

"Mai irin wannan idon ba ya gwajin magani. Kuma da na furta wa Auta abin da ke raina, dokar aiki za ta sa a cire Shalele daga gwajin. Sai na ce bari in danne har a gama."

"Yaushe... yaushe ake gamawa?"

Maganar ta kuɓuce wa Auta kafin ta toshe baki.

"Ji min mara kunya! A gabana?"

"Ƙarshen wata, ranki ya daɗe," in ji Likita, yana kallon ƙasa yana murmushi. "In za ki iya jirana."

"Wadda ta jira ka da kuka ce za ta kasa da dariya?" Inna ta harare shi, amma bakinta ya ƙi rufuwa. "Sakarai kawai. Riƙe min yaron nan, kafaɗata ta gaji."

An gama gwaji, fatar Shalele ta yi sumul, aka cire safa ya ga yatsunsa ya dinga tafi. Ba a jima ba aka ɗaura aure. Auta ta yi ƙiba, "Abar ƙaunata" ba ya fita daga bakin miji, yaro kuma ya ƙi sauka daga wuyansa.

Gida ya yi wa Inna faɗi. Ta dafa abinci ta rasa wanda za ta yi wa faɗa ya ci. Rannan da hantsi ta yafa mayafi, sai ofishin babban likita.

"Hajiya, lafiya? Yaron ne?"

"Yaro garau, uwarsa garau, ni ce ba lafiya! Jika ɗaya na kawo muku ku shafa masa mai, kun kwashe min mutum biyu kun bar ni da kujeru. Ka ga na zauna. Wallahi ba inda za ni sai an fito min da wanda zai amsa wannan laifin!"